Neman shawara: darasin tarihin ƙaura ya ƙi shiga kan yarana

Malamar aji biyar: Assalamu alaikum 'yan'uwa malamai. An ba ni mako uku in koyar da tarihin ƙaurar mutane daga ƙasa zuwa ƙasa, kuma an ce in haɗa shi da darasin zane. Yaran 'yan shekara goma ne zuwa sha ɗaya. Ranar farko na cika allo da shekaru: tsibirin Ellis da ke New York, an buɗe shi 1892, an rufe 1954, mutum sama da miliyan 12 suka shiga Amurka ta nan. Ina juyowa na ga rabin aji na hamma. Washegari na ce kowa ya zana mutumin da ya bar gida. Kusan dukkansu jirgin sama suka zana, wani har da hayaƙi a bayansa, amma babu mutum ko ɗaya a ciki. Wata yarinya kuma ta kife takardarta ta ƙi taɓa fensir. Don Allah ina na kuskure?

Malamin zane: Wa alaikumus salam Malama. Kin sa su zana abin da ba su gani ba tukuna. Fara nuna musu aikin wani. Ni da zanen Jacob Lawrence nake buɗewa, baƙar fatan Amurka da ya yi zane 60 a jere ya kammala a 1941, yana ɗan shekara 23, kan ƙaurar baƙaƙen fata daga kudancin ƙasar zuwa arewa. Ƙaura ce ta cikin gida, amma dalilan ɗaya ne: wariya, talauci, neman aiki. Zanen farko taron jama'a ne a tashar jirgin ƙasa suna turereniya a ƙofofi uku, an rubuta Chicago, New York, St. Louis. Ki ɗaga shi, kada ki ce uffan na minti biyu. Sannan ki tambaya: me suke riƙe da shi? Wa kuke jin an bari a gida? Za ki sha mamakin bakin yara.

Abin da ya fi burge ni, kowane zane da jimla ɗaya a ƙasansa, kuma launi ɗaya yake ɗauka ya bi duka 60 ɗin da shi kafin ya koma wani, don su zama labari guda. Ki kwaikwayi hakan. Kowane yaro da guntun kwalinsa, launi huɗu kacal ga aji duka, jimla ɗaya a ƙasa. In an jera su a bango, tafiyar za ta fito da kanta.

Tsohon malamin tarihi: 'Yata, shawarar nan ta yi, sai dai kada zane ya cinye tarihin. Na sha ganin bango ya yi kyau, ka tambayi yaro me ya kori mutanen ya tsaya yana sosa ƙeya. Shekarun da kika rubuta ba laifi ba ne, wurin zamansu ne bai yi ba. Ki liƙa su a jikin abin da ido zai kama. A Ellis ɗin nan, likitoci kan tsaya suna kallon mutane na hawa bene, wanda suka yi zargin yana da ciwo sai su yi masa alama da alli a riga: H ciwon zuciya, L ɗingishi. Kusan biyu cikin ɗari aka mayar inda suka fito. Ki ba yaro alli ya zana riga mai alama, ki ga ko zai manta.

Kuma kada ki nuna musu ƙofa ɗaya. A tsibirin Angel kusa da San Francisco, tsakanin 1910 da 1940, an tsare 'yan China makonni, wasu watanni, saboda dokar 1882 da ta hana ma'aikatansu shiga. Waƙoƙi sama da 200 suka sassaƙa a katakon bangon.

Wata uwa: Ni ba malama ba ce, amma yarinyar da ta kife takarda ce ta tsaya min a rai. Malama, ba mamaki abin ya taɓa gidansu ne. Kada ki tambaye ta gaban aji, kuma kada a ce dole kowa ya kawo labarin iyayensa. Wani gidan ba a son tayar da zancen.

Malamin zane: Gaskiya ne Hajiya. Shi ya sa nake amfani da akwati. Yaro ya zana buɗaɗɗen akwatin wani matafiyi na tarihi, abu biyar kawai zai ɗauka. Mai son sa nasa labarin ya sa, ba wanda zai sani.

Malamar aji biyar: Allah ya saka da alheri. Litinin zan fara da zanen tashar, akwatin ya biyo baya, ita kuma zan same ta lokacin tara mu biyu. Baba, alamar allin nan, in kawo ta a makon farko ko in bari sai sun saba?