Duna na kuka da dare: a ƙaro masa na biyu ko a bar shi?

Baban Khalifa: Assalamu alaikum jama'ar gida. Shawara nake nema. Kun san Duna, karen da ke lambuna na fadamar Argungu. Tun da aka gama yankan shinkafa yaran aiki suka watse, ya koma kuka da dare, ba haushi ba, kuka mai ja irin wanda tsofaffi ba sa son ji. Abinci ma sai ya shinshina ya bari. Khalifa ya dage wai kewa ce, wai kare ba ya zama shi kaɗai, kuma biyu sun fi ɗaya gadi. Akwai kwikwiyo a rugar da ke bayanmu, kyauta za a ba ni. In karɓa?

Nasiru: Yaya, kai da kake kukan tsadar masara tun kaka, yanzu kuma baki za ka ƙaro?

Kawu Manu: Amshi abinka. Yaron ga ya hi ka sanin kare. Ni da na yi hwarauta har bakin iyaka wajen Kamba, ban taɓa ganin wanda ya shiga daji da kare guda ya komo da abin kirki ba. Guda shina kora, guda shina tarewa. Gadi ma hakanan. Ɓarawon injin ban ruwa ba shi tsoron kare guda, shi jehwa mishi nama shi wuce. In su biyu na, wanda bai samu ba shi ka tada gari.

Gwaggo Asabe: Ni dai ba na goyon baya. Ɗayan ma da ƙyar na haƙura. Mala'ikun rahama ba sa shiga gidan da ke da kare, ku kuna neman tara su. Ga najasa, yara su taɓa su dawo su sa hannu a kwano.

Malam Bello: Gwaggo, hadisin da kika kawo ingantacce ne, amma gida aka ce, Duna kuwa a lambu yake. A Bukhari da Muslim an ce wanda ya ajiye kare ana rage masa ƙiraɗi na lada kullum, a ruwayar Ibn Umar ƙiraɗi biyu, sai dai in karen farauta ne, ko na kiwo, ko na gona. Na gona ya shigo a ruwayar Abu Huraira, to Duna ya tsira. Batun najasa kuma, a mazhabarmu ta Malikiyya kare mai rai ba najasa ba ne, har yawunsa. Wanke ƙwarya sau bakwai in ya sa baki, bin umarni ne kawai. Ana ba da labarin Ibn Abi Zaid mai Risala, ya ajiye kare yana tsare masa gida, aka ce ai Malik ya karhanta, ya ce da Malik ya riski zamaninsu zaki zai ajiye. Inda nake da ja shi ne niyya. In gadin ne ya fi ƙarfin ɗaya, Bismillah. In kuwa don a samar wa kare abokin hira ne, ban ga inda wannan ya shiga cikin ukun nan ba.

Nasiru: Allah gafarta Malam, to in karen gadin ba ya iya gadi sai da ɗan'uwa, ai ɗan'uwan ya zama kayan aiki. Ban dai goyi bayan ƙarowa ba, tambaya ce.

Malam Bello: Tambaya mai kyau. Sai a fara tabbatar da cewa rashin ɗan'uwan ne ya hana shi.

Dakta Hauwa: Madalla, Malam ya kawo mu inda nake jira. Kawu Baban Khalifa, tambaya uku. Duna a ɗaure yake ko a sake? Wa ke kwana a lambun yanzu? Yaushe aka yi masa allurar haukan kare?

Baban Khalifa: A ɗaure yake a gindin mangwaro, don ya taɓa bin awakin mutane. Maigadi ya tafi gida tun bayan girbi, Khalifa ke kai abinci da yamma a babur. Allura kuwa tun yana ƙarami.

Dakta Hauwa: To Kawu, ka ba da amsa da kanka. Kare a sarƙa dare da rana, ba ya ganin mutum sai na ɗan lokacin ajiye kwano, dole ya yi kuka. Khalifa bai yi ƙarya ba, kare na jin kewa. Amma karen da ya tashi cikin mutane, mutanen yake nema. Ka ɗaure wani kusa da shi, kuka biyu za ka samu. Sannan ni a wurina karen da ya daina ci mara lafiya ne har sai an duba. Khalifa, gobe ka buɗe kunnensa da tsakanin yatsunsa ka ga ko kaska ta cika. Ka ɗaga leɓensa, in dasashin ya yi fari fat maimakon ja-ja, jini ya ragu, ko kaska ko tsutsar ciki. Amma in ka ga yana dalalar da yawu, ko yana cizon sarƙa da itace, ko muryarsa ta sauya, kada ka matsa kusa, ka kira ni.

Kawu Manu: Ɗiyata, boko dai. Mu da toka da man shanu muka yi kiwonsu, ba su mutu ba.

Dakta Hauwa: Kawu, waɗanda suka mutu ba a ƙirga su ba. Ciwon haukan kare in alamunsa suka bayyana a jikin mutum, kusan babu mai tashi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutum 59,000 yake kashewa duk shekara, galibi a Afirka da Asiya, kusan duka ta cizon kare, kuma yara 'yan ƙasa da shekara 15 sun kai kashi 40 cikin ɗari. Allurar karen ana yin ta a ƙasar nan, a cibiyar binciken dabbobi ta Vom a jihar Filato. Ana fara ta yana wata uku, a maimaita duk shekara. Wanda bai riƙe lokacin allurar kare ɗaya ba, yaya zai yi da biyu? Kuma tunda muna nan, duk wanda kare ya ciza ya wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudu na minti 15, ya tafi asibiti a ranar. Kada a tsaya neman gashin karen a ƙona.

Gwaggo Asabe: Faɗa musu dai. Bara karnukan wani maƙwabcinmu guda biyu suka haɗa kai, dare ɗaya suka gama min da zabi. Lokacin da yake da guda ko kaza bai taɓa kallo ba.

Kawu Manu: Wanga yunwa ta, Asabe, ba yawa ba. Kare ƙosasshe ba shi bin zabo.

Dakta Hauwa: Kowannenku na da rabin gaskiya. Yunwa na sa su, amma biyu suna zuga juna, abin da ɗaya ba zai yi ba sai su yi tare. Shi ya sa na Kawu suke kama zomo, shi ya sa na maƙwabcin Gwaggo suka kama zabi.

Khalifa: Anti, to in an duba shi lafiya lau yake fa? Sai a karɓo?

Dakta Hauwa: Sai a yi magana. Kwikwiyon mace ce ko namiji?

Khalifa: Mace.

Dakta Hauwa: Mace da namiji sun fi zama lafiya, maza biyu faɗa suke kan kwano da wurin kwana. Amma cikin karya kwana 63 ne kacal, kuma tana iya ɗauka har sau biyu a shekara. In ba a dandaƙe Duna ko an yi mata aiki ba, baɗi war haka Babanka garke yake da shi, ba mai karɓa. In ta zo, a ware ta mako biyu a ga lafiyarta, a ba ta maganin tsutsa, a yi mata allurar gudawar jini da ke kashe kwiyakwiyi. Ranar haɗa su a yi a bakin hanya, ba a gindin mangwaron da Duna ke ganin nasa ne ba. Kwano kowa da nasa. Duk wannan wa zai yi? Kai da za ka koma makaranta Aliero?

Nasiru: Shiru kake ji.

Malam Bello: Ni sarƙar nan ce ta tsaya min. Mace ta shiga wuta saboda kyanwar da ta tsare, ba ta ciyar da ita ba, ba ta sake ta ba. Alhaji, ko ba a ƙaro ba a gyara wannan.

Baban Khalifa: Na ji, Malam. Zan kewaye gefen rumfa da waya ya riƙa yawo a ciki, in kuma nemi mai kwana. Hauwa, Asabar in turo Khalifa ya ɗauko ki? Kwikwiyon zan ce wa Ardo ya bar ta wurin uwarta tukuna.

Kawu Manu: Ka bari har wani ya amshe. Irin karnukan rugar ga ba a samunsu kasuwa.

Dakta Hauwa: Asabar da safe, kafin rana ta yi zafi, allurar ba ta son zafi. Khalifa ya zo da kula da ƙanƙara.

Gwaggo Asabe: In dai kun karɓo ta daga baya, ku sani zabina ba kyauta ba ne. Manu kai ne shaida, kai za ka biya.