Salon Van Gaal ne ya hana Manchester United cin ƙwallo?

Mai Gabatarwa: Assalamu alaikum 'yan uwa. Tunda hukumar Manchester United ta sallami kocinta Louis van Gaal ranar 23 ga Mayu, 2016, kwana biyu kacal bayan ya ɗaga kofin FA a Wembley, ina so mu zauna a kan maganar da aka daɗe ana yi a gidajen kallo, wato cewa salon ba-ni-in-ba-ka da ya ɗora wa ƙungiyar ne ya hana ta cin ƙwallaye, ba ƙarancin gwanaye ba. Ƙungiyar ta gama gasar Firimiya ta 2015/16 a matsayi na biyar da maki 66, kuma ƙwallo 49 ta zura a wasa 38. Kowa ya kawo hujjarsa, a kuma kiyaye mutuncin juna.

Dattijo: Wa alaikumus salam. Ni ina tare da wannan magana ɗari bisa ɗari, kuma hujjata ita ce abin da idona ya gani mako bayan mako. Carrick ko Schweinsteiger zai karɓi ƙwallo a tsakiya, Martial ya riga ya zabura ta gefen hagu yana ɗaga hannu, amma maimakon a jefa masa sai a juya a miƙa wa Blind, Blind ya miƙa wa Smalling, Smalling ya duba gaba ya ga abokan hamayya sun koma sun jeru, sai ya mayar wa De Gea. Kafin ƙwallon ta sake tsallaka tsakiyar fili an yi fasin goma sha wani abu, Martial ya gaji ya dawo ya tsaya, mutum goma kuma sun tare bakin ragarsu. A gidan kallon unguwarmu har an daina tsaki, sai dai ka ga mutane sun sunkuya suna latsa waya alhali ƙungiyarsu ce ke riƙe da ƙwallo. A kakar tsohon kocinmu Ferguson ta ƙarshe, 2012/13, ƙwallo 86 muka ci. Yanzu Sunderland, wadda da ƙyar ta tsira daga faɗuwa, ta ci 48, ɗaya kacal muka fi ta.

Malamin Makaranta: Baba, ban musanta ko ɗaya daga cikin alƙaluman da ka kawo ba, amma ina ganin an ɗora wa salon laifin da ya fi ƙarfinsa. Mutumin nan da wannan tunanin ya ci Kofin Zakarun Turai da Ajax a 1995, ya ci gasar Sifaniya sau biyu da Barcelona, ya kai Bayern Munich wasan ƙarshe na Zakarun Turai a 2010, kuma babu wanda ya ce waɗancan ƙungiyoyi ba sa cin ƙwallo. A kakar 2012/13 da ka ambata, Van Persie kaɗai ya ci 26. Bana wa muke da shi a gaba? Rooney da ƙarfinsa ya fara ja baya, ya ci 8 a gasar, da Martial, yaro ɗan shekara 19 da ya zo daga Monaco a watan Satumba, wanda ya ci 11. Ga kuma Luke Shaw, wanda shi ne ke kai kora ta gefen hagu, ya karye a wasan PSV tun farkon kaka. Sannan a tuna cewa ƙwallo 35 kaɗai aka zura mana, babu ƙungiyar da aka zura wa ƙasa da haka, kuma bambancin ƙwallaye ne kawai ya raba mu da Manchester City da ta yi ta huɗu.

Hajiya: Malam, tambayar da ka yi ita ce ke rusa maganarka. Ka ce wa muke da shi a gaba, to wa ya sallami waɗanda muke da su? Shi ya bari Welbeck ya tafi Arsenal a 2014, shi ya bari Van Persie da Nani suka tafi Fenerbahce a 2015, shi kuma ya sayar da Chicharito ga Bayer Leverkusen, inda ya ci ƙwallo 17 a gasar Jamus a wannan kakar da muke kuka da rashin mai ci. Di Maria, wanda aka saya kusan fam miliyan 60 daga Real Madrid, shekara ɗaya ya yi ya tafi PSG. Idan ka lura, yawancin waɗanda suka tafi mutane ne masu yin abin da zuciyarsu ta ba su a fili, masu yanka da gwada fasin mai hatsari. Koci ba zai kori irin waɗannan ba sannan a zo ana yi masa uzuri da rashinsu.

Malamin Makaranta: Hajiya, na yarda cewa sayar da Chicharito ba tare da an kawo madadinsa ba kuskure ne babba. Amma wannan laifin ciniki ne, kuma hukumar ƙungiya tana da hannu a ciki. Batun da aka gabatar shi ne salon wasa.

Kocin Matasa: Bari in sa baki a nan, domin ina ganin Hajiya da Malam suna magana a kan abu ɗaya ba su sani ba. Ina horar da yara a filin unguwa, kuma abin da Van Gaal ke koyarwa ba baƙo ba ne ga duk mai wannan aiki. Tsarinsa shi ne kowane ɗan wasa yana da gurbin da zai tsaya, ba zai bar shi ya bi ƙwallo ba, ita ƙwallon ce za ta zo ta same shi. Manufar juya ƙwallo daga dama zuwa hagu ita ce a ja abokan hamayya su karkata gefe ɗaya, da zarar rata ta buɗe a ɗaya gefen sai a cilla ta can kafin su dawo. Wannan yana aiki ne da sharaɗi biyu: ƙwallon ta riƙa tafiya da sauri, da taɓawa ɗaya ko biyu, kuma a samu wanda zai yi ƙarfin halin soka ta tsakanin 'yan baya idan ratar ta bayyana. United ba ta cika ko ɗaya ba. Ɗan wasa zai tare ƙwallo, ya gyara ta, ya ɗaga kai, sannan ya bayar, a wannan ɗan lokacin kuwa mai tsaron baya ya riga ya koma gurbinsa.

Abin da ya kamata mu tambaya shi ne me ya sa gwanaye irin su Mata da Herrera, waɗanda kowa ya san suna ganin hanya, suka koma masu fasin gefe. Amsata ita ce tsoro. Idan yaro ya san cewa duk ƙwallon da ya ɓatar za a tsayar da shi a kanta, zai zaɓi fasin da ba za a zarge shi ba, ko da bai amfani kowa ba. Herrera ya sha zaman benci, Mata kuma an kai shi gefen dama inda ba shi da gudun da zai wuce mutum. Saboda haka cinikin da salon tushensu ɗaya: kocin bai yarda da ɗan wasan da zai yi kasada ba, ko a fili ko a kasuwa.

Ɗalibi: Ina gaida iyayena da yayyena. Ina so in tuna muku watan Oktoba na 2015, lokacin da muka yi canjaras babu ci sau uku a jere, da Manchester City, da Middlesbrough wadda ta fitar da mu daga kofin League a bugun fenareti, da Crystal Palace. A wasan da ya biyo baya da CSKA Moscow, 'yan kallon Old Trafford da kansu suka riƙa rera kira a kai hari, suka kuma yi ihun ƙin amincewa sa'ad da aka cire Martial aka sako Fellaini. Waɗannan mutane ne da suka biya kuɗinsu suka zauna cikin sanyi, kuma Paul Scholes, tsohon ɗan wasan United wanda babu mai koya masa fasin, ya fito ya soki salon a lokacin.

Malamin Makaranta: Ƙanena, a wannan wasan Rooney ya ci, kuma mun yi nasara da ci ɗaya da nema. Ina kuma roƙon ku ku tuna watannin Maris da Afrilu na 2015, lokacin da muka doke Tottenham 3-0, muka doke Liverpool 2-1 a Anfield da ƙwallayen Mata biyu, muka lallasa City 4-2. Kocin ɗaya ne, tsarin ɗaya ne, kuma a lokacin babu wanda ya yi hamma. Bambancin shi ne Carrick yana da lafiya, shi kuwa mutum ne mai jefa ƙwallo gaba da taɓawar farko. Wannan ya nuna mini cewa tsarin yana da rai idan aka samu mutanen da suka dace da shi.

Dattijo: Malam, makonni kaɗan ka kawo mana daga cikin shekara biyu. Tsarin da zai tsaya cak saboda mutum ɗaya mai shekara talatin da 'yan kai ya ji rauni, bayan duk kuɗin da aka kashe a kan Schweinsteiger da Schneiderlin da Depay, ai tsarin ne ke da matsala. Ka dubi Disamba: Wolfsburg ta fitar da mu daga Zakarun Turai, Bournemouth ta doke mu, Norwich ta zo har gida ta doke mu, Stoke ta ƙara. Ka kuma dubi Leicester, wadda ta ɗauki kofin da maki 81 tana barin ƙwallo a ƙafar abokan hamayya, amma da ta ƙwace sai fasin ɗaya ko biyu, Vardy ya riga ya fuskanci mai tsaron raga.

Hajiya: Ina da ƙarin hujja ɗaya, ita ce Rashford. Ba tsari ne ya kawo shi ba, larura ce: Rooney yana jinya, Martial ya ji rauni wajen motsa jiki dab da wasan Midtjylland a watan Fabrairu, sai aka sako yaro ɗan shekara 18. Ya ci biyu a daren, ya ƙara biyu a ragar Arsenal bayan kwana uku, domin har lokacin bai koyi jin tsoron ɓatar da ƙwallo ba, da ya ga hanya sai ya shige.

Malamin Makaranta: To amma Hajiya, wa ya amince ya sa shi, ya kuma bar shi a ciki bayan manya sun warke? Kociyoyi da yawa da sun matsar da wani babban ɗan wasa zuwa gaba sun bar yaron a benci. Shi ya ba Lingard dama, Lingard kuma shi ya ci mana kofin FA na farko tun 2004. Ina tsoron wanda zai gaje shi ba zai yi haƙurin da ya yi da yaran nan ba.

Kocin Matasa: Wannan yabon ya cancance shi, Malam, kuma ban ga wanda zai hana shi ba. Sai dai ka sake kallon wasan ƙarshen kofin FA ɗin da ka ambata. Bayan Puncheon ya ci wa Palace, saura minti goma sha biyu, Rooney ya ɗauki ƙwallo daga tsakiya ya ƙi bayarwa, ya yanke mutane ɗaya bayan ɗaya har ya kai gefen dama, ya ɗaga ta, Fellaini ya sauke da ƙirji, Mata ya farke. Ta Lingard kuma a ƙarin lokaci ta zo, muna mutum goma bayan an kori Smalling, ƙwallo ta faɗo gabansa ya ɗirka ta kai tsaye bai tare ba. Duka biyun sun zo ne a lokacin da ba sauran damar mayar da ƙwallo baya. Da an bar su suna yin haka tun daga minti na farko a wasannin gida da Newcastle da West Ham, waɗanda duka aka tashi babu ci, maki ɗaya tak muke buƙata mu wuce City mu shiga Zakarun Turai.