Neman kalma: wai me za mu ce wa "dikteta" da Hausa?

Salam jama'a, dan Allah masu Hausa a baki ku matso kusa, akwai wata kalma da ta hana ni sakat tun daren jiya.

'Yar yayata ce ke shirin WAEC, tana zaune kan tabarma a tsakar gidanmu nan Tudun Wada, an ɗauke wuta tana haska littafinta da tocilan waya, sai ta ɗago ta ce Kawu menene dikteta da Hausa? Ban ko tsaya tunani ba na ce ɗan kama-karya mana, ai haka muke ji a rediyo tun muna yara. Sai ta ce to Kawu wanda bai kama kowa ba bai karya kowa ba tukuna, amma ya riga ya rufe bakin majalisa ya sa alƙalai a aljihu, shi kuma ya sunansa? Wallahi shiru na yi, don yarinyar ta fi ni gaskiya.

Kar a fahimce ni a baibai, kama-karya kalma ce mai kyau, kana faɗinta kana jin ƙarar ƙashi. Matsalarta ɗaya, ƙarshen labari take faɗa. Ranar da aka fara kamawa da karyawa ai aikin gama ya gama.

Ita kalmar dikteta daga Rumawan da ta fito, kuma a wurinsu muƙami ne na doka. In yaƙi ya taso ko gari ya rikice sai a damƙa wa mutum ɗaya iko duka na wata shida kacal, in ƙura ta lafa ya sauka. Julius Kaisar ne aka mayar wa da shi na har abada a shekara ta 44 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), kuma a shekarar aka kashe shi. Kun ga kenan tun asali ba duka ko ɗauri take nufi ba, nufinta wuƙa da nama su haɗu a hannun mutum guda babu mai ce masa bari.

Ku dubi Hitler, wanda kowa ke bugun misali da shi. Bai shiga da tankar yaƙi ba fa. Ya gwada juyin mulki a 1923 ya sha ƙasa har aka ɗaure shi, sai ya dawo ta ƙofar siyasa, ranar 30 ga Janairu 1933 shugaban Jamus Hindenburg da hannunsa ya naɗa shi shugaban gwamnati, bayan wata ɗaya gobara ta cinye ginin majalisa, washegari aka fito da dokar ta-ɓaci aka jingine 'yancin magana da na taro, a watan Maris kuma ita majalisar da kanta ta kaɗa ƙuri'a ta ba shi ikon yin doka ba sai ya bi ta kanta ba, kafin Yuli ya ƙare babu sauran jam'iyya sai tasa. Duk da takarda da sa hannu aka yi, kuma mutane da yawa suna tafi saboda yunwa da rashin aiki sun gallabe su. Wannan gaɓar ce nake nema wa suna.

Da safe na kai maganar majalisarmu ta wajen mai shayi, kowa ya jefa tasa. Wani ya ce azzalumi, na ce ta yi faɗi da yawa, mai tauye mudu a Kasuwar Barci ma azzalumi ne. Wani ya ce fir'auna, ga fir'aunanci ma muna da ita, kuma gaskiya tana da ƙarfi, amma Fir'auna cewa ya yi shi ne ubangiji, in ka liƙa wa musulmi ko kirista wannan suna ka tashi daga siyasa ka faɗa hukuncin da ba naka ba, ni dai ina tsoronta.

Mulkin soja fa? Mu 'yan Kaduna ba sai an ba mu labari ba, a garin nan Nzeogwu da yaransa suka kashe Sardauna a gidansa ranar 15 ga Janairu 1966, inda Arewa House take yanzu, daga nan soja suka ɗanɗani mulki. Amma ba kowane dikteta ke sa kaki ba. Paul Biya na Kamaru farar hula ne, yana kan kujera tun 1982, a 2008 aka cire wa'adin mulki daga tsarin mulkin ƙasar. Museveni na Yuganda da bindiga ya shigo a 1986, amma abin da ya zaunar da shi majalisa ce, ta cire wa'adi a 2005 ta cire iyakar shekaru a 2017.

Tazarce kuma, ita kam tamu ce ta gida. Ta yi tashe lokacin Abacha, a 1998 da jam'iyyu biyar ɗin nan duka suka tsayar da shi ɗan takara, ta tsallaka Nijar a 2009 lokacin da Tandja ya rushe majalisa da kotun tsarin mulki ya yi ƙuri'ar raba gardama, soja suka kifar da shi a Fabrairun 2010. A nan ma majalisar dattawa ce ta kashe tazarcen Obasanjo a 2006. Sai dai tazarce maganar tsawon zama ce kawai, irin sai Madi ka ture, ba ta faɗi yadda aka tattare ikon ba.

Ni tawa shawarar babakere. Ɗan babakere, mulkin babakere. Don in ka duba duk aikinsu ɗaya ne, kane-kane a kan komai. Gidan rediyo nasa, shi ya sa masu juyin mulki can suke fara nufa. Baitulmali nasa, ya ba wanda ya so ya hana wanda ya so, Idi Amin da ya kori Indiyawa daga Yuganda a 1972 ai rabon shagunansu aka yi wa sojoji da 'yan koransa. Jam'iyya tasa, Mobutu na Kwango ya yi shekara 32 a sama, ya mayar da ƙasar mai jam'iyya ɗaya, har sunanta ya canja zuwa Zayar a 1971. Sai ɓangarorin tsaro biyu uku kowanne na leƙen ɗan'uwansa don kar su haɗa kai a kansa.

Akwai wani dattijo a majalisar, tsohon malamin makaranta, bai cika magana ba. Ya ajiye kofinsa ya ce yaro, babakere ai kalmar kasuwa ce, wanda ya hana kowa sayar da kaya sai shi, za ta ɗauki nauyin jinin da waɗannan mutane suka zubar kuwa? Na ce Baba Allah ya ƙara girma, ba za ta ɗauka ba, shi ya sa ban ce a jefar da kama-karya ba. A bar ta a wurinta, in an kai ga ɗauri da kisa a kira shi ɗan kama-karya. Amma kafin nan, ranar da aka fara taɓa wa'adi da kotu da 'yan jarida, ya kamata talaka ya samu sunan da zai kira abin, kuma kasancewarta kalmar kasuwa ne ma zai sa mai sayar da tumatur a Kawo ya gane ta ba sai an yi masa fassara ba. Baba ya gyaɗa kai amma bai ce ya yarda ba.

To na dai gaya wa yarinyar ta rubuta biyun a bayan littafinta. 'Yan'uwa na Zariya, Sakkwato, Katsina, musamman mutanen Damagaram da Maraɗi, in kakanninku na da wata kalma da suke kiran sarkin da ya daina jin maganar 'yan majalisarsa, dan Allah ku ajiye min ita a nan, ranar Asabar zan koma wajen Baba da abin da na samo.