Asibitin kuɗi da na gwamnati, kowa ya faɗi abin da ya gani da idonsa

Maman Ilham: Salam 'yan uwa. Ni fa yanzu ban gane bambancin ba, asibitin gwamnati ne da suna amma kati kuɗi, safar hannu kuɗi, ɗakin gwajin jini an ba wa wani kamfani, hoton ciki kuma a rubuto maka takarda a ce je waje wurin wane. Don Allah wanda ya taɓa shiga irin wannan ya faɗa mana.

Baban Sadiq: Wlh Maman Ilham kin taɓo min inda ke min ƙaiƙayi. Lokacin yajin aikin likitoci naƙuda ta kama matar ƙanina cikin dare, muka kai ta wani asibitin kuɗi suka ce tiyata za a yi amma sai an ajiye kuɗi tukun, tana kwance tana zubar jini mu muna waje muna ta buga waya neman rance, sai da wani maƙwabci ya karɓi babur ɗin ƙanin nawa jingina. Daga baya wani lauya ke gaya min dokar lafiya ta Najeriya ta 2014 ta hana a ƙi duba majinyacin gaggawa, to wa ya sani a lokacin?

Hajiya Turai: Ni dai gaskiya na ji daɗinsu, hawan jinin Alhaji a na kuɗi aka gano, ba layi ba tsawa. Amma likitan nan shi ne dai wanda muka wuni jira a na gwamnati da safe, da yamma ga shi a nasa yana fara'a. Abin ya tsaya min a rai.

Ɗan Maraɗi: Mu nan Nijar tun 2006 aka ce yara ƙasa da shekara 5 da tiyatar haihuwa kyauta ne, ɗiyata ta amfana, sai dai sau da yawa babu magani sai ka je farmasi ka saya.

Malam Nas: Ina aiki a ɗaya daga cikin asibitocin kuɗin, kuɗin dizal da albashi ba wasa ba ne, shi ya sa ake tsada. Ku daure ku yi rajistar inshora, tun 2022 dokar NHIA (hukumar inshorar lafiya ta Najeriya) ta wajabta, Kano ma akwai KSCHMA, hukumar taimakekeniyar lafiya ta jiha.

Baban Sadiq: Malam ƙanina ɗan acaɓa ne ba ma'aikaci ba, ina ake yi wa irinsu rajistar kuma nawa ne a shekara?