Yadda za mu riƙe Aboubakar a ƙarshen wasansa

Jiya a teburin mai shayi, kusa da filin Roumdé Adjia a Garwa, hira ta koma kan Vincent Aboubakar, ɗan ƙwallon Kamaru. An haife shi a 1992, kuma ƙafar ɗan wasan gaba ba ta jiran kowa.

Shawarar da ta fi samun goyon baya ita ce mu daina auna shi da gudun yara. Wani dattijo ya ajiye kofinsa ya ce, “Ɗana, in an sako shi saura minti ashirin, kada ka ce an wulaƙanta shi. A benci ya fara wasan ƙarshe na Kofin Afirka na 2017, ya shigo ya ci Masar.” Nan kowa ya yi shiru, don gaskiya ce.

Wasu suka ce a bar yi masa lissafin ranar ajiye takalmi, shi zai faɗa da bakinsa. In ya ɓarar da ƙwallo kuma, a riƙe harshe a Facebook.

Ni abin da ya fi kama ni shi ne a riƙa zuwa kallon Coton Sport, ƙungiyar ƙwallon Garwa, inda ya taso kafin ya tafi Faransa a 2010. Mai shayin ma ya ce ranar wasa da wuri zai rufe.