Ciwon Kafaɗa Bayan Cire Maɗaciya

Da yawa daga cikin waɗanda aka cire wa maɗaciya ta ƙananan huji sun yi ittifaƙi: kafaɗar dama ta fi wurin ɗinkin damunsu. Dalili kuwa, iskar da likita ke hura wa ciki don ya ga aikinsa ce ke taɓa tantanin da ya raba ƙirji da ciki, sai jijiya ta kai zafin kafaɗa.

Shawarar da ta fi yawa ita ce tafiya. Ka riƙa zagayawa a hankali, ko da ba ka so, kwanciya ba ta korar iskar. Wasu sun ji daɗin gasa kafaɗar da tsumma mai ɗumi, da jingina da filo. Maganin da likita ya rubuta, a sha kan lokaci.

Yawanci kwana 2 zuwa 3 ya lafa. Zazzaɓi, idanu su yi rawaya, ko numfashi ya yi wuya, a koma asibiti nan take.