Awon igiya: kwata da ruwan sha aikin wa ne, ƙaramar hukuma ko jiha?

Ɗan_Karkara: Salamu alaikum jama'a. Ƙauyenmu na gefen birnin Kano ne, gari ya cimmana, gonakin da muke noma gero duk an yanka su awon igiya, wato filayen da aka yanka ba da tsarin hukuma ba, an sayar, gidaje sun cika amma ba kwata ba famfo, wani lungun ko adaidaita ba ta shiga. Da damina ruwa a tsakar gida yake kwana. Ka je gun kansila ya ce sai ciyaman, ciyaman ya ce kuɗi na sama. To ina hukuncin kotun ƙoli na cin gashin kan ƙananan hukumomi? Wa za mu riƙe?

Malam_Firamare: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. A tsarin mulkin 1999 magudanan ruwa, titunan cikin unguwa, kwashe shara, kasuwa da maƙabarta duk na ƙaramar hukuma ne. Inda gizo ke saƙa shi ne asusun haɗin gwiwa na jiha da ƙananan hukumomi, kuɗi ya fito daga Abuja sai ya bi ta hannun jiha. A Yulin 2024 kotun ta ce a riƙa tura wa ƙananan hukumomi 774 kai tsaye, amma yanke hukunci daban aiwatarwa daban. Sannan tsara filaye a birni na KNUPDA ne, wato hukumar tsara birane ta jihar Kano, shi kuwa awon igiya ba a bar filin makaranta ko asibiti ba tun farko, ko an kawo aikin ina za a sa shi?

Maman_Biyu: Malam gaskiya ka faɗa, amma mu mata mu ke shan wahalar, kullum sai sayen jarka gun 'yan garuwa, in rijiyoyi suka ƙafe da bazara kuma kuɗin ya tashi. Mu bohol muke so ba dogon turanci ba.

Bahaɗeje: Yaya ku daina jira wallahi. Mu nan Jigawa karo-karo muka yi, mai unguwa ya tara magidanta, kowa ya ja katangarsa baya taku ɗaya aka haƙa kwata da gayya, sannan muka kai takarda sakatariya da sunan ƙungiya muna neman kwalbati kawai. Mutum ɗaya in ya je kallon maroƙi ake masa.

Ɗan_Karkara: Bahaɗeje wa zai yarda ya rushe katangarsa a nan? Akwai wanda shagonsa ma a kan hanyar ruwan yake, kuma surukin dagaci ne.